Shirun da Auta Ta Yanke

Tun farko ba muryar Baba Auta ta so ɗauka ba. Kawunta ta so, ƙanin Umma, wanda in ya buɗe baki magana ke zuba kamar an kunna famfo. Malamar da ke koya musu aikin rediyo ce ta ce kowa ya samo mutum ɗaya ya ba da labarin sana'arsa, a ɗauka a kwamfuta, a tace, a kawo aji, kuma kada ya wuce minti biyar. Kawu ya amsa da murna, ya ce ai an zo gidan magana. Ana gobe za a yi sai tafiya ta kama shi.

"To ba ga babanki nan zaune ba?" in ji Umma, tana ninke wanki. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin wuta. Shi Kawun naki wace wuta ya taɓa kashewa ban da fitilar ɗakinsa?"

Auta ta yi dariya. Baba tsohon ɗan kwana-kwana ne, ya daɗe yana aikin kashe gobara kafin ya yi ritaya, kuma labari kam yana da shi. Sai dai yana da i'ina. Wani lokaci kalma kan maƙale masa, ya yi ta bugun harafin farko, jijiyar wuyansa ta tashi, kafin ta fito. A gida babu mai lura. A aji kuwa akwai masu zama a baya, waɗanda ko tari malami ya yi sai sun kwaikwaya. Su ne suka faɗo wa Auta a rai. Amma lokaci ya ƙure, babu wani da za ta samu, don haka da yamma ta je ta durƙusa gefen kujerarsa, inda yake karanta jarida, ta faɗa masa.

Ya sauke gilashinsa ya dube ta. "Ni-ni ɗin?"

"Kai fa, Baba."

"To," ya ce. Ya mayar da gilashin, amma ta lura bai ƙara juya shafin jaridar ba.

Washegari ta fara gwada falo. Ta tafa hannu sau ɗaya kamar yadda aka koya musu, sai ta ji ƙarar ta daki bango ta dawo. Ta kwashe kayanta ta koma ƙaramin ɗakin da Yaya ya bari bayan ya yi aure. Ta jingina katifa da bango, ta rataya barguna a taga da bayan ƙofa, har ɗakin ya koma kamar shagon mai sayar da kayan shimfiɗa. Ta jona makirfon da ta aro daga makaranta, ta buɗe manhajar tace sauti, ta yi magana, ta saurara. Muryarta ta fito kamar daga cikin rijiya. Ta cire waya ta mayar, ta kashe kwamfutar ta kunna, gumi ya fara tsiyayo mata, sannan ta gane manhajar ba ta ma san da sabon makirfon ba, da ɗan ƙaramin na jikin kwamfutar take ɗauka. Ta shiga saiti ta zaɓi wanda take so. Sai murya ta fito tas, har da ƙarar fankar sama. Ta kashe fanka. Ta lanƙwasa wayar rataye kaya ta yi zobe, ta ɗaura masa tsohuwar safa, ta kafa gaban makirfo don kada iskar baki ta riƙa bugunsa.

Baba ya shigo sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki, an goge ta har kari ya tashi. Umma na biye da shi.

"Malam, murya fa za a ɗauka, ba hoto ba."

"Mu-muryar ma ta fi fita in mutum ya kintsa," ya ce. Ya dubi safar. "Wannan ba tawa ba ce?"

"Wankakkiya ce, Baba."

Aka kori Umma, aka rufe ƙofa. Auta ta zaunar da shi, ta auna tazarar tafin hannu tsakanin bakinsa da makirfo, ta sa abin sauraro a kunnenta. Ta nuna masa ma'aunin da ke gefen allo: kore lafiya, rawaya a yi hattara, in ya kai ja sauti ya fashe. Ta ce ya faɗi wani abu don gwaji.

"Me-me-me zan ce?"

A kan allo muryarsa ta zana tsaunuka shuɗi, kuma inda ya maimaita harafin sai ga ƙananan tsini a jere, kamar haƙoran mataji. Auta ba ta taɓa ganin i'inar babanta da ido ba sai ranar. Ta rage ƙarfin makirfo kaɗan, ta danna jan maɓallin ɗauka, ta yi masa alama da hannu.

Ya fara a hankali. Ya faɗi nauyin mesar ruwa in ta cika, yadda take iya kayar da ƙato in bai kafa ƙafa ba. Ya faɗi yadda hayaƙi ya fi wuta kisa, da yadda abokan aikinsa suka hana shi riƙe oba-oba, rediyon da suke kiran juna da shi, wai kafin ya gama cewa gobara ta tashi an riga an sake gina gidan. Ya yi dariya shi kaɗai, ma'auni ya taɓa ja, Auta ta yi sauri ta rage. Daga nan idonta bai bar allo ba. Tana kallon agogon manhajar yana wuce minti biyar, yana ninkawa. Wani babur ya wuce a waje, ta riƙe wurin a ranta don ta cire. Ta ji ya shiga labarin wata gobara a ma'ajiyar katifu, da wani abokinsa da ake ce wa Dogo. Sai layin da ke kan allo ya kwanta shafe, ya yi ta tafiya babu komai. Ta taɓa wayar makirfon ko ta zare. Ba ta zare ba. Kalma ce ta sake maƙalewa, ta ce a ranta, ta jira. Can ya ci gaba, ya ƙarasa, ya share gumi da hularsa.

"Ya-ya yi?"

"Ya yi, Baba. Sauran aikin nawa ne."

Aikin ya ci mata yini biyu. Ta faɗaɗa zanen muryar har kowane harafi ya zama gari guda, ta zaɓi haƙoran matajin nan, ta goge, ta matso da abin da ya rage ya haɗe. Da farko mahaɗar kan yi ƙara, tak, kamar an karya tsinke. Ta koyi yanka daidai inda igiyar sautin ta sauko tsakiya, ta koyi ɗauko numfashi daga wani wuri ta dasa don kada a ji ɗinkin. Tana yi tana ce wa kanta lokaci take ragewa, ai Malama ce ta sa iyaka. Amma ko da ta sauko ƙasa da minti biyar ba ta daina ba. Ta bi kowane ɗan tuntuɓe ta share, har wanda sai an kasa kunne ake ji. Dogon shafaffen layin nan kuwa shi ya fi sauƙi, da jan linzamin kwamfuta sau ɗaya ta kwashe shi. Duk lokacin da ta gama wani sashe sai ta adana a kan fayil ɗin da ta fara da shi.

Da ta saurari abin daga farko zuwa ƙarshe, tsikar jikinta ta tashi. Murya ce mai kauri, mai natsuwa, babu ko gargada.

Ranar hutu Yaya ya zo gaisuwa da matarsa. Auta ta ajiye kwamfuta a kan teburin falo, ta jona da lasifikar talabijin, ta ce kowa ya yi shiru. Muryar ta cika ɗakin. Tun ba a yi nisa ba Yaya ya buga cinya.

"Kai! Baba ne wannan? Ai sai a ba shi karanta labaran duniya!"

"Ashe haka muryar Baba take da daɗi," in ji matarsa, sannan ta ji abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.

Baba na zaune, hannayensa a kan gwiwa. Lasifika ta ci gaba, cikin murya ɗaya, babu hawa babu sauka: "Dogo ya shiga ta tagar baya. Na ce masa ya jira ni. Rufin ya faɗo. Muka ci gaba da ba da ruwa har yamma, sannan muka naɗe mesa muka koma."

Umma ta tashi ta shige kicin.

Da sautin ya ƙare Yaya ya tafa. Auta ta juya wajen Baba tana jiran yabo.

"Wannan mu-mutumin ya iya magana," Baba ya ce a hankali. "Amma bai san Do-Dogo ba."

"Baba, i'inar kawai na..."

"Na ji. Kin yi ƙoƙari." Ya ɗan yi murmushi don kada ta ji ciwo, kuma murmushin ne ya fi yi mata ciwo. "Sai dai wu-wurin nan, bayan rufin. Inda na yi shiru. Wannan ba i'ina ba ce, Auta."

Babu wanda ya san inda zai sa idonsa. Yaya ya shiga duba wayarsa. Baba ya miƙe, ya ce bari ya leƙa waje ya sha iska.

Auta ta sami Umma tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

"Ni ina bayan ƙofa na ji," Umma ta ce, ba ta juyo ba. "Da barguna da katifa da komai, na ji lokacin da numfashinsa ya canja. Ke kina gabansa, da abin ji a kunne, ba ki ji ba?"

"Allo nake kallo, Umma."

"Ai na ga alama. Tun da na aure shi bai taɓa ba ni labarin ranar nan da bakinsa ba, a wajen matar marigayin na ji. Da kika ce za ki ɗauke shi, lungu yake laɓewa yana maimaita abin da zai faɗa, kamar ɗan makaranta mai jarrabawa. Ya ce kada ya ba ki kunya a gaban mutane." Ta kife tukunyar. "Mayar masa da abinsa yadda yake."

Auta ta koma ɗakin barguna da sauri. Ta danna maɓallin komawa baya, bai motsa ba, don ta rufe manhajar ta sake buɗewa tun jiya. Ta duba kwandon shara na kwamfutar, ta duba kowace jaka, ta rubuta sunan fayil ɗin a wurin bincike. Guda ɗaya ne tak, wanda ta yi ta adanawa a kansa. Malama ta faɗa musu tun ranar farko, a ajiye na asali gefe, a yi aiki a kan kwafi. Ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da katifa, fuskarta na zafi kamar an mare ta. Ta yi ƙoƙarin tuna yadda fuskar Baba take a lokacin shirun nan. Ba ta iya ba, don ba ta kalle shi ba.

Da magariba Baba ya tsaya a bakin ƙofar, yana riƙe da wayarsa.

"Za ki iya sa-saka min shi a nan?"

"Wanne, Baba?"

"Wanda kika gyara."

Ta saka masa, ba ta iya tambayar dalili ba.

Kashegari da rana ta fito shanya barguna, sai ta ji muryar nan mai santsi tana tashi ƙasa-ƙasa daga baranda. Baba na zaune a kan benci, wayar manne da kunnensa, leɓensa na motsi yana bin kalmomin. Ya kai ƙarshen labarin mesa, ya mayar baya, ya sake ji. Da ya hango inuwarta ya yi saurin kashewa ya tura wayar cikin aljihu, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Suka yi cirko-cirko. Ita da bargo a kafaɗa, shi yana kallon takalminsa.

Ta ajiye bargon ta durƙusa.

"Baba, ka yafe min. Na asalin ya ɓace, na goge shi. Kuma ba don lokaci na yanke ba. Tsoro na ji kada 'yan ajinmu su yi dariya."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Wa ya haife ki?" Ya matsa ya ba ta wuri a bencin. Ta zauna, a wannan karon kuma fuskarsa ta kalla. "Ni ma fa na so shi, mu-mutumin cikin wayar. Ina ta tunanin da shi ne ya yi aikin nan, da har o-oga ya zama. Da shi ne ya kira Dogo ranar nan, wataƙila da kalmar ta fita da wuri." Ya shafa gwiwarsa. "To amma ba shi ba ne ya je. Ni na je."

Hawaye suka zubo mata. Ya bar ta ta yi, bai rarrashe ta ba.

"Za ka yarda mu sake?" ta ce.

"Da sharaɗi. In za a yi ya-yankan, ina wurin. Ko mahauci ba ya saran nama sai mai shi ya nuna."

Suka sake mayar da katifa da barguna. Wannan karon Baba da rigar zaman gida ya shigo, kuma Umma ta ƙi fita, ta jawo kujera ta zauna a kusurwa, ta yi rantsuwa ko tari ba za ta yi ba. Auta ta saita ma'auni, ta danna ɗauka, sannan ta juya kwamfutar ta fuskanci bango.

Ɗauka ta biyu ba ta kai ta farko ba, kowa a ɗakin ya san haka. Baba ya gaji, barkwancin oba-oba ya fito ba armashi, i'inar ma ta fi yawa. Da ya zo kan rufin bai yi shiru ba, ya faɗa da sauri ya wuce. Abin da ya fita sau ɗaya ya riga ya fita. Amma daf da ƙarshe sai ya ƙara wani abu da bai faɗa a baya ba. Ya ce a duk tashar, Dogo ne kaɗai bai taɓa ƙarasa masa kalma ba. Kowa in ya ga ta maƙale sai ya taimaka ya faɗa masa, wani don tausayi, wani don sauri. Dogo kuwa sai ya harɗe hannu ya jingina da mota ya ce, "Ɗauko ta, ba inda za ni."

Auta ta tuna sau nawa a rana take ƙarasa wa babanta magana, a gaban baƙi, a shago, a waya. Ta saci kallon Umma. Ita ma Umma ƙasa take kallo.

Kafin ta taɓa komai ta yi kwafin fayil ɗin, ta ajiye ɗaya a wata jaka dabam, ta tura wani cikin wayarta. Sannan ta ba Baba kunne ɗaya na abin sauraro, ta riƙe ɗaya, kawunansu kusan a haɗe.

"Wannan fa?" ta nuna masa jerin tsini.

"Cire. Ko ni na gaji da jiransa."

"Wannan?"

"Bari."

Ba ta gane ƙa'idar da yake bi ba, kuma ba ta tambaya ba. Ya sa ta cire tarinsa, da kukan kujerar Umma, da wata doguwar maƙalewa a kan kalmar ma'ajiya wadda shi da kansa ya yi wa dariya. Duk inda sunan Dogo ya fito a rarrabe, ya ce a bar shi. Don a samu lokaci ya ce a zubar da labarin mesa gaba ɗaya, ko da yake shi ne wurin da maganarsa ta fi tafiya sumul. Can ya karɓi linzamin ya gwada da kansa, ya goge rabin jimla bisa kuskure, ya zaro ido. Ta nuna masa maɓallin komawa baya, jimlar ta dawo.

"Ikon Allah," ya ce. Ya sake gogewa, ya sake dawo da ita, don kawai ya gani.

Ranar gabatarwa Auta ce kusan ta ƙarshe. Ta jona kwamfutarta da lasifikar aji. Da Baba ya yi tuntuɓen farko wani a baya ya ƙyaƙyace da dariya, wani ya kwaikwaya ƙasa-ƙasa, benci ya girgiza. Yatsanta ya kai kan maɓallin tsayarwa, har ta ji santsinsa, sannan ta janye hannun ta saka a ƙarƙashin tebur ta danne da ɗayan. Dariyar ta ɗan ja, ta mutu. Ba ta san ko labarin ne ya kashe ta ba ko hararar Malama.

"Wa kika ɗauka?" Malama ta tambaya bayan an gama.

"Babana ne."

"Ɗaga murya, ba mu ji ba."

"Babana ne, Malama."

Malama ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Ta ce ɗakin ya yi kyau, babu amo, amma sautin ya yi ƙasa wajen ƙarshe, alamar ba a lura da ma'auni ba, kuma mahaɗa biyu suna ƙara. Ta kira na gaba.

A gida Auta ta tarar da Baba tsugune gaban famfon tsakar gida, ya kwance kansa yana canja roba. Bai ɗago ba.

"Sun ji?"

"Sun ji, Baba. Har ƙarshe."

"An yi da-dariya?"

Ta so ta ce a'a. "Wasu sun yi. Na baya."

"Na baya kawai?" Ya hura cikin kan famfon, ya duba shi a hasken rana. "To ai da sauƙi. Zo riƙe min nan, kada ya juya."

Ta ajiye jakarta a kan dakali, ta tsuguna ta riƙe bututun da hannu biyu, shi kuma ya shiga ɗaurewa.